Man Shanun Gidan Sallau

Matsugunin Maradun,
20 ga Zulhajji, 1399.

Daga Malam Labbo ɗan Malam Nasidi, zuwa ga ɗan 'yar'uwata Sirajo, mai karatun likita a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta malamanka da abokan zamanka. Yaya gajiyar Sallah, yaya zaman baƙunta? Mu nan sai godiya. Inna Hadiza tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya da kanta.

Labarin gona kuwa ba daɗi. Ruwan dam ya cinye fadamarmu har da tsamiyar da kakanka ke karantarwa a gindinta. Filin da mutanen dam suka nuna mana a madadinta tsakuwa ce zalla, ko jaki ba ya tsayawa kiwo a ciki. Sau uku suna kawo takarda in ɗora yatsa in ce na karɓa, sau uku ina ce musu yatsana na jan tasbaha ne. Magidanta arba'in da ɗaya ke bayana a kan wagga magana, kuma ba mu gusa ba.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata huɗu ke nan wani ciwo ke kama ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Yakan fara kamar an danna mini dutse, sa'an nan ya hau har bayan kafaɗa, zufa ta karyo mini, in yi amai mai ɗaci. Sai ya ci rabin wuni kafin ya sake ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba ya zuwa sai ranar Talata.

Ka san duk Talata ina shiga motar kasuwa zuwa Mafara, kuma ba na sauka ko'ina sai gidan Sallau, ɗalibina, wanda na karantar tun daga Fatiha har ya sauke, na kuma ba shi ɗiyata Taiba. A can nake cin abincin rana. Ba na kai wa tashar mota ciwon ya taso. A gidana kuwa, daga Laraba har Litinin, garau nake. Naman Layya ma a gidansa na ci, don bana ban yanka ba, kuma ranar sai da aka riƙo ni.

Sallau yanzu shi ke jan sarƙar awo ga mutanen dam. Shi ya riƙe bakin sarƙa ranar da aka auna fadamarmu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In na kwanta ciwo, mutum arba'in da ɗayan nan watsewa za su yi, kuma an san haka. Na je Bakura wurin wani mai magani, ya dube ni ya ce sammu ne. Ya ba ni sassaƙe na sha har na rame, Talata ta zo, ciwo ya zo.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna, don magana zarar bunu ce. Ka gaya mini gaskiya: a cikin karatun naku akwai hanyar gane abin da aka zuba wa mutum a abinci?

Buba direba zai kawo maka wagga takarda. Allah Ya yi maka albarka. Wassalam.

Kawunka, Labbo.

Zariya,
24 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga Kawu Malam Labbo.

Amin alaikumus salam. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina gaida Inna Hadiza da dukan mutanen gida. Ni lafiya ƙalau, sai jarrabawa da ta sa mu gaba. Na yi baƙin cikin fadama da tsamiya, Allah Ya musanya da alheri.

Kawu, Buba na tsaye a bakin ƙofa yana jira, motarsa ta cika, don haka a taƙaice zan rubuta. Daga yadda ka kwatanta, ba ni da shakka abincin gidan Sallau ne ke tayar maka da ciwon nan. Ka dakata da cinsa, ka kuma bar shan sassaƙen Bakura. In na gama jarrabawa zan zauna in rubuto maka bayani dalla-dalla, don abin yana da tsawo.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Ɗanka, Sirajo.

Talata Mafara,
25 ga Muharram, 1400.

Zuwa ga taubashina Sirajo, likitan da bai gama koyo ba ya fara kisa.

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, ina fata jarrabawar ta yi kyau, tunda saboda ita ka rasa lokacin da za ka rubuta layi biyar maimakon biyu. Yara lafiya, ƙaramar ta fara takawa. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma kai ne sanadi.

Ka san abin da takardarka ta yi? Baba ya tashi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, a gaban mutanen matsuguni, ya zare ta daga aljihu ya karanta: ba ni da shakka abincin gidan Sallau ne. Ya ce ga mai maganin Bakura ya faɗa, ga na Turawa ya faɗa, shaidu biyu sun cika. Kafin Talata ta zagayo maganar ta riga motar kasuwa isowa Mafara. Yanzu maigidana in ya miƙa hannu a kasuwa sai a kau da kai. A masallacin unguwa, wanda ke gefensa a sahu sai ya matsa. Mutanen Garbadu da ke aje jakunansu a ƙofarmu shekara da shekaru sun koma wani gida. Shi kuwa maigidana ya ce Baba malaminsa ne, ba zai buɗe baki a kansa ba. Ina ganinsa yana tura tuwo da ƙyar, har wuyansa ya fito.

Wa ke dafa abincin, Sirajo? Ni ce. Ni ke tuƙa tuwon shinkafa, ni ke kaɗa miya, ni ke ɗauka in kai zaure da hannuna. Tun ranar Asabar nake aika wa Bafillatar da ke kawo mana nono ta ware mini man shanu sabon kaɗi. In soya shi da albasa, in malala a kan tuwon har ya taru a gindin akushi, in zaɓo masa tsoka mai kitse. Mu da yara ba ma ganin man shanu sai ranar da Baba zai zo, shi ma sauran da ya rage ne. Mutumin da ruwa ya ci gonarsa, yake kwana bisa tuwon dawa da miyar kuka ba ɗigon mai, in bai ci girma a gidan ɗiyarsa ba ina zai ci? Wannan ne gubar tawa.

Baba ya aiko in tattara kayana in koma gida. Na ce a gaya masa ina gaishe shi, ina durƙushe, amma ba inda za ni. In na fita daga gidan nan na sa hannu ke nan a kan cewa uban 'ya'yana mai kisa ne. Ya sake aikowa: in watan Mauludi ya fita ban dawo ba, ya cire albarkarsa daga kaina. Na yi kuka har idona ya kumbura, ba zan ɓoye maka ba, don ban taɓa saɓa masa ba tun da aka haife ni. Amma ban ɗaure ko tabarma ba. Shi ya koya mini kada in ɗora yatsa a kan abin da ban yarda da shi ba, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kai ka ɓata, kai za ka gyara. In ka san abin da ke cikin abincina, faɗe shi a fili. In ba ka sani ba, ka rubuta ka ce ƙarya ka yi.

Taiba.

Zariya,
29 ga Disamba, 1979.

Zuwa ga Kawu Malam Labbo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina tambayar jikinka da na Inna Hadiza. Na gama jarrabawa lafiya. Takardar Taiba ta same ni shekaranjiya, kuma tun da na karanta ta abinci bai yi mini daɗi ba. Laifina ne da na yanke magana biyu na aiko da rabi. Ga sauran rabin, ina roƙonka ka karanta shi har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Kawu, ba wanda ya zuba maka kome. Man shanu ne da kitse.

Ka sha feɗe ragon Layya. Ka san 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama, wato matsarmama. Mutum ma yana da ita, daidai inda kake jin ciwon. Hanta ke yin ruwan ɗacin nan dare da rana, matsarmama kuwa ma'ajiyarsa ce. Amfaninsa shi ne narkar da maiƙo, don in babu shi mai ba ya haɗuwa da ruwan ciki.

To, ita matsarmama ba ta ganin abin da mutum ya ci. Sai an aika mata. Idan abinci ya bar tumbi ya shiga farkon ƙaramin hanji, in akwai maiƙo a ciki, fatar hanjin sai ta saki wani sinadari cikin jini. Sunansa kolisistokinin, ba sai ka riƙe sunan ba. Jini ya ɗauke shi ya kai ga matsarmama, da isarsa sai ta matse kanta kamar an matsa salka. Shi ne kuma ke sassauta bakin 'yar hanyar da ruwan zai bi ya zuba cikin hanji. Akwai na biyu, sikiritin, wanda ke fita idan tsamin tumbi ya sauko, ya sa a ƙaro ruwan da zai kashe kaifin tsamin. Maiƙo kaɗan, saƙo kaɗan, matsa kaɗan. Maiƙo mai yawa, matsa mai ƙarfi. Haka Allah Ya tsara ta a cikin kowa, kuma mai lafiya ba ya jin kome.

Amma wani lokaci ruwan yakan yi kauri a cikin jakar har ya dunƙule ya zama tsakuwa. Muddin jakar na kwance, tsakuwar na kwance. Ranar da saƙo mai ƙarfi ya zo ta matse, sai ta tura tsakuwar ta toshe bakin. Jaka na matsawa, hanya a rufe. Ciwon da ke hawa maka har kafaɗa ke nan, kuma shi ya sa ba ya zuwa kana cikin ci, sai abincin ya sauka, wajen lokacin da kake hanyar tasha.

Yanzu duba makonka. A gida tuwon dawa kake ci da miyar kuka, sai fura da nonon da aka riga aka kwashe mansa. Ba abin da zai tayar da saƙo mai ƙarfi. Litinin kana azumi kamar yadda ka saba, ka sha ruwa da fura. Talata ka fita da sassafe ba ka karya ba. Jakar ta cika ta yi tam. Sai ka zauna a zauren Sallau a aje maka akushi yana ninƙaya cikin man shanu. Da a gidan liman ka ci shi, ko a gidan hakimi, abin da zai faru ke nan.

Muna da hanyar gani. Za a ba ka ƙwayoyi ka haɗiya, washegari a ɗauki hoton cikinka, a ba ka ƙwai da madara, a jira kaɗan a sake ɗauka. Na tsaya na ga wannan da idona: a hoton farko jakar cike, a na biyu ta tsuke. In akwai tsakuwa sau da yawa takan fito. In ta tabbata, ana cire jakar mutum ya rayu lafiya. Ka zo Zariya. In ka ga idonka ya yi rawaya ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kada ka jira kowa, a kai ka asibiti a ranar.

Abu na ƙarshe, kuma na san bakina bai kai ba. Inda ka karanta takardata ta farko, can ya kamata ka karanta wannan.

Ɗanka, Sirajo.

Matsugunin Maradun,
22 ga Safar, 1400.

Zuwa ga Sirajo.

Amin alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarka ta yi kwana tara a hanya, don manoma sun tare hanyar dam, sai da Buba ya zagaya. Inna Hadiza na gaishe ka. Ciwo bai sake zuwa ba tun ranar da na bar cin abincin gidan can, ka riƙe wannan.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa, na kuma yi fushin. Wata ɗaya ka ce ba ka da shakka, wata na biyu taubashiyarka ta yi maka kuka sai ga tsakuwa ta fito. Ashe haka ilmin naku yake, hawaye ke juya shi? Shekara sittin da uku ina cin man shanu. Uwata da shi ta yaye ni. Zamanin da muke da fadama da shanu bakwai, da ludayi ake zuba mini, ban taɓa ko gyatsa ba. Sai bana, shekarar da na ƙi ɗora yatsa, a gidan mai jan sarƙa, sa'an nan hanjina ya koyi aika manzo? Ruwa ba ya tsami banza.

Wanga ɗan aike naka mai dogon suna, ka gan shi? Yana da ƙafa? Ka riƙe shi a hannu? Ni na ga Sallau da idona a tsakiyar fadamar ubana yana kafa turke.

Zariya kuwa ba ni zuwa. Ranar da na hau mota, kafin in kai Gusau an ce Malam Labbo ya gudu, kafin in kai Funtuwa an bi mutanena gida gida da takarda da tawada. Su kwantar da ni su yanke abin da Allah Ya halitta mini, su kuma can su yanke gonata? A'a.

Ba zan karanta takardarka a masallaci ba. Abin da nake so gare ka shi ne ka rubuto ka ce ka janye ta, kana kan maganarka ta farko. Ni na ɗauki gawar uwarka, ni na sa hannu aka kai ka makarantar boko lokacin da dangi suka ce kada. Ban taɓa neman kome gare ka ba sai wannan. Taiba kuwa wa'adinta na nan, ƙarshen Mauludi.

Labbo.

Zariya,
21 ga Janairu, 1980.

Zuwa ga Kawu Malam Labbo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na gode Allah da ciwon ya lafa. Duk abin da ka lissafa ka yi mini gaskiya ne, har da waɗanda ba ka lissafa ba, kuma ba ni da abin biya.

Amma ba zan janye ba, Kawu. Ko za ka cire albarkarka daga kaina tare da Taiba, ba zan janye ba. Maganata ɗaya ce tun farko, rabinta ne ka samu. Man shanun shekara sittin bai dame ka ba don a lokacin babu tsakuwa. Tsakuwa a hankali take taruwa, kuma ramewar da ka yi bana da yawan zama da yunwa suna cikin abin da ke kawo ta. Ciwon ya lafa ne don ka bar maiƙo, ba don ka bar Sallau ba.

Ka tambaye ni ko na ga ɗan aiken. Ban gan shi ba, aikinsa na gani. Ni ma in tambaye ka, ka yafe mini: ka ga hannun Sallau a cikin akushinka? Turke ka gani. Kafa turke laifi ne da za ka iya riƙe shi da shi har ƙarshen ranka, ban hana ka ba. Amma a zaurenka na ji ka kana karantar da manya cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma zato ba ya zama shaida ko mai zaton waliyyi ne.

Wallahi da za ka sayi man shanu da kanka, a narka a gabanka, Sallau na can Mafara bai ma sani ba, abin da ya same ka a gidansa shi zai same ka. Ban ce ka gwada ba, akwai haɗari a ciki. Cewa na yi ka zo a ɗauki hoto.

Ɗanka, ko ka so ko ka ƙi, Sirajo.

Matsugunin Maradun,
26 ga Rabi'ul Awwal, 1400.

Daga Malam Labbo zuwa ga ɗana Sirajo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya kai da malamanka. Inna Hadiza na gaishe ka, ta ce in gaya maka ta hana ni ban hanu ba. Jikina da sauƙi yanzu, idona bai yi rawaya ba, na duba a madubinta.

Takardarka ta ƙona mini rai. Yaron da na yi wa kaciya ya juyo yana karanta mini babin shaida. Na ce to, tunda ya rantse, bari in kunyata shi a gaban jama'a, shi da ɗan aikensa, a huta. Ka ce kada in gwada, don haka na gwada.

Na yi abin a tsare don kada a ce da wata. Alhamis na yi azumina. Juma'a ban karya ba. Na ba maƙwabcina Jibirin, wanda bai taɓa taka gidan Sallau ba, kuɗi ya sayo man shanu wurin Bafillatar da ya ga dama. Shi ya wanke akushi, matarsa ta tuƙa tuwon. Bayan an sauko daga Juma'a na ce kowa ya tsaya. A nan ƙofar masallaci aka narka man, aka malala har ya rufe tuwon, na ci na suɗe akushi. Sa'an nan na zaro takardarka ta biyu na karanta musu ina yi ina tsokaci. Da na zo kan dogon sunan nan sai da na yi masa tsalle uku, mutane suka yi ta dariya. Wani ya ce ashe cikin mutum ma akwai gidan waya. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ban kai ƙarshen takardar ba na ji an danna dutsen.

Sirajo, ga abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Na iya ɓoyewa. Na gyara zama, na ja rawani na share zufa kamar zafin rana ne. Mutane sun fara tashi, suna cewa Malam ya yi gaskiya, ga shi garau. Na lissafa a raina: in na daure kaɗan kowa ya watse, in shiga ɗaki in yi ta murƙususu ba mai gani sai Hadiza. Na ci nasara ke nan, mutanena na nan a bayana, Taiba ta dawo dole. Na zauna a kan wannan tunani lokaci mai tsawo, kuma ya yi mini daɗi. Ciwon na hawa kafaɗa ina murmushi.

Sai ladan ya kira la'asar, aka ce Malam bismilla, ka ja mu. Na dubi gaban sahu. Na ga ba zan iya tsayawa can in ɗaga hannu da wannan abu a bakina ba.

Na ce a dawo da waɗanda suka tafi. Na kwance rawani don su ga zufar. Na ce ku dube ni da kyau, ga ciwon nan ya zo, irinsa sak, kuma Sallau na Mafara. Na ce abin da na faɗa a kansa a wanga wuri zato ne, na mai da shi shaida, na zalunce shi. Daga nan amai ya ƙwace mini a gaban kowa. Jibirin ne ya ja sallar, ni a kwance na yi tawa.

Talata na shiga mota. Na tarar da Sallau a zaure. Da ya gan ni ya zabura zai durƙusa, na riga shi kai gwiwa ƙasa. Ya ce Malam don Allah ka tashi, ya juya zai fita. Na ce ba ni tashi sai ka zauna bisa buzun nan ka saurare ni, in ka fita a nan za ka dawo ka iske ni. Ya zauna a gefen buzun kamar ranar da na fara ɗora masa allo. Na faɗi abin da na zo faɗi. Ya ce ya yafe. Na ce sarƙar awo kuwa ban yafe ba tukuna, kada ya haɗa. Ya ce ya sani. Taiba na bayan ƙofa tana ji. Na ɗaga murya na ce albarkata na kanta duniya da lahira, ta zauna ɗakinta. Kukanta na ji.

Amma maganar ba ta ƙare ba. Da muka fito tare zuwa kasuwa, ina gani ya miƙa wa wani mahauci hannu, mahaucin ya sunkuya yana gyaran wuƙa. Ƙaryar ta je ko'ina da ƙafarta, gaskiyar kuwa sai an ɗauke ta a ka. Wasu daga cikin mutanena ma sun ce tsufa ya kama ni, huɗu sun je sun ɗora yatsa. Su je. Ni ban ɗora ba, kuma ba ni ɗorawa.

Ka gaya wa malamanka zan zo a ɗauki hoton, amma ba yanzu ba, ina da aiki. Na sa Taiba ta daina kai mini abinci zaure. Duk Talata a ƙofar gida za a shimfiɗa tabarma, a bakin hanyar da 'yan kasuwa ke bi, ni da Sallau akushi ɗaya, tuwo ba ɗigon mai. Zan ci a hankali, in kira duk mai wucewa da sunansa in ce bismilla. Mun yi Talata ɗaya. Mutum biyu suka tsaya, ɗaya ya sa hannu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ƙara maka taurin kai inda ya dace. Wassalam.

Kawunka, Labbo.